Ina kan gashin kansar nono a Yamai: da gaske ne ina komawa gida da wutar a jikina?

Mai Keke daga Tawa:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa mata. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri in ɗan ja zancen kafin in kai gare ta, don tun da na zo garin nan ban samu wadda zan zauna in amayar mata da abin da ke cikina ba.

Ni mutuniyar Tawa ce, shekarata 42, ƴaƴana 4, ɗinki nake yi a cikin gida. Bara wajen ƙarshen damina ina wanka na ji wani ƙululu a nonona na hagu, bai wuce ƙwallon dabino ba, ga tauri, kuma ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ya yaudare ni, na yi wata 3 ina cewa zai baje. Da na je likita aka turo ni Yamai, aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce kansa ce. Na sha shimiyo, wato maganin kansa da ake sa wa ta jijiya, sau 6, kowane bayan sati 3, sumata ta zube, farcena suka yi baƙi. Daga nan aka yi aiki aka cire nonon gaba ɗaya, har da ƴan ƙululun cikin hammata. Yanzu abin da ya rage shi ne gashi, wato haska wurin da inji don kashe sauran kansar, wanda a can suke ce wa radiyo. An rubuta mini zama 25, Litinin zuwa Juma'a, sati 5 cur. Yau na yi na 8.

Tawa da Yamai kun san ba nan kusa ba ne, ya fi kilomita 500, sai an bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, wuni guda mutum yana cikin kar. Babu zancen in je gida Asabar in dawo Lahadi, jiki ba zai ɗauka ba, aljihu ma haka. Don haka na sauka gidan yayan maigidana a Talaje. Autata, ƴar shekara 4, tana wurin Innata.

To ga abin da ya hana ni barci. Lokacin da nake zuwa shimiyo faccalata ba ta rage ni da komi ba, har amaina ta kwashe da hannunta, Allah ya saka mata. Amma tun da aka fara gashin nan ta sauya. Wani ya gaya mata wai duk wanda aka sa ƙarƙashin injin nan yana fitowa da wuta a jikinsa, irin abin da ake haƙowa a Arlit, wai yana lalata yara ƙanana da masu ciki. Rana ta 3 na tashi da safe na tarar an ɗaura wa kofina jan zare a hannu. Ban ce komi ba. Abincina ya koma kwano daban, ana ajiye mini a bakin ƙofa. Shi ma na haɗiye. Shekaranjiya da la'asar ina zaune kan tabarma a tsakar gida, ɗanta mai wata 9 ya rarrafo ya kama bakin zanena yana son miƙewa, yana ta dariya, haƙoransa biyu a waje. Na miƙa hannun dama zan tallabe shi. Kafin in taɓa shi ta fito daga madafa da gudu, muciya a hannu, ta sure shi tana cewa "zo nan, Inna ba ta da lafiya." Na shiga ɗaki na toshe bakina da hijabi, don gidan mutane ne, ko kukan ma ban isa in yi shi da ƙarfi ba.

Wallahi ban riƙe ta a zuciya ba, uwa ce, ɗanta take ji. Abin da ya fi damuna shi ne tsoron ya shige ni ni ma. In gaskiya ne fa? Ranar da na koma Tawa autata ta rugo ta faɗa jikina, ture ta zan yi? Na so in tambayi likita, amma faransancina kaɗan ne, ga mutane a bayana suna jira, sai na ji nauyin bakina.

Tambaya ta biyu kuma a kan zanen da suka yi mini a ƙirji ne da alƙalami, suka ce kada ya goge. Kun ga zafin garin nan, in kuran ya yanke da dare fanka ta tsaya, zufa sai ka ce an kwara mini ruwa. Yaya kuka yi da wanka? Fatar wurin ta fara duhu tana ƙaiƙayi. Inna ta aiko mini da man kaɗe da wani ƙullin garin magani ta ce in dinga shafawa, ban taɓa ba tukuna.

Na ukun ban ma san ko tambaya ba ce. In na shiga ɗakin nan na kwanta kan siririn gadon, ƙirji a buɗe, hannun hagu a miƙe bisa kaina ina riƙe da ƙarfe, suka gyara ni, suka matsa ni nan suka matsa ni can, sannan duk suka fita, wannan ƙatuwar ƙofa ta rufe, sai in ji kamar duniya ta watse ta bar ni. Babu zafi, babu abin da ke taɓa ni, sai ƙugin injin yana zagaya ni. Salati nake yi, kafin in kai 100 an buɗe. Amma wannan ɗan lokacin ya fi mini daren shimiyo tsawo. A waje kuma ga mu mata jere kan benci, kowa ta ja hijabi ta sunkuyar da kai, babu mai ce wa wata ƙala. Wata tsohuwa Bazabarma ce kawai take miƙo mini dabino kullum, ni kuwa ban da "fofo" ban iya komi a zabarmanci ba.

Waɗanda suka bi hanyar nan, don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Hajiya ta Bukoki:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sannu, sannu. Na karanta har ƙarshe, da na zo wurin jan zaren nan sai da na ajiye wayar na share ido.

Ki ɗauki yaro. Ki ɗauke shi ki goya shi in kina da ƙarfin goyo. Ni na yi gashin nan a 2023, zama 25 kamar ke, kuma duk tsawon sati 5 ɗin nan jikata ƴar shekara 2 a gadona take kwana, kwano ɗaya muke ci. Ga ta nan ta shiga makarantar allo, lafiyarta lau. Yadda wani ma'aikacin wurin ya kwatanta mini shi ne: in kika kashe fitila, hasken ba ya maƙalewa a jikin bango. Ana kashe injin abin ya ƙare, ba ki fita da komi.

Abin da aka yi miki an yi mini irinsa. Waina nake saidawa a ƙofar gida shekara da shekaru. Da labari ya bazu a unguwa, sai na ga yaran da ake aikowa da kwano sun fara wuce ni. Ranar da na soya kwano guda na shinkafa aka kwana ba a sayi rabi ba, ranar na kife tanda. Babu wadda ta faɗa mini a fuska, ana dai gaishe ni daga nesa. Wannan ya fi ƙunar fata ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Batun wanka, kada ki ƙi yi. Ruwa mai ɗan sanyi, ba na zafi ba, ki zuba da moɗa ya gangara da kansa. Ban da soso, ban da cuɗawa, in kin gama ki ɗan dangwala tsumma mai laushi har ya bushe, kada ki goga. Wankan tsarki ma haka na riƙa yi, ruwa ya game jiki shi ke nan. In zanen ya fara dusashewa kada ki ce za ki maimaita da kanki, ki nuna musu da safe su sake. Turare, humra, hoda, man bilicin, duk ki nisanta su da wurin. Turaren wuta ma na bar tsugunno a kansa har na gama. Rigar nono ki ajiye ta. Ki nemi tsohuwar atamfa wadda ta sha wanki ta yi laushi, ke da kike maɗinkiya kin fi ni sanin wadda nake nufi. Ni man kaɗe na shafa da dare kuma ya yi mini daɗi. Garin maganin kuwa ki gode wa Inna, ki ɗaure shi ki sa ƙasan jaka.

Kin ce a gaya miki gaskiya, to fatar za ta ƙara duhu. Tawa a sati na 4 ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, hammata ta saɓule tana ruwa. Na yi zaton haka zan dawwama. Bayan an gama ta yi ɓawo ta zube, sabuwa ta fito. Har yau wurin ya ɗan fi sauran jikina duhu, amma ba ya damuna.

Yanzu bari in zo kan bencin nan, don shi ne ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu da yatsa ɗaya. Mu ma haka muka fara, kowa kanta a ƙasa kamar masu zaman makoki. Wata ƴar Damagaram ce ta fasa shirun. Rannan ta juyo ta ce mini, "Yaya, ke na nawa kike?" Na ce na 6. Ta ce ita na 11, ta ɗaga gefen hijabinta ta nuna mini wuyanta ta ce, "kin ga abin da ke gabanki, kada ya ba ki tsoro." Daga ranar muka zama mu 5. Kowa ta san lambar zaman kowa. Muka riƙa zuba dala 20 kowace safiya a cikin wani gwangwanin madara, duk wadda ta wayi gari babu kuɗin taksi a ɗebo a ba ta, ba a tambayarta dalili. In ɗaya ba ta zo ba kafin azahar an kira ta.

Ita wannan ƴar Damagaram ɗin da ta ƙarfafa mu, ita ce kuma ta karaya a zama na 19. Fatarta ta buɗe, kuɗinsu ya ƙare, ga kewar ƴaƴa. Ta kira ni da dare ta ce ta sayi tikiti, da asuba za ta tafi, abin da Allah ya rubuta ya same ta a ɗakinta. Ban yi mata wa'azi ba, don ta fi ni sanin Allah. Na ce ta jira ni. Na sa ɗana ya kai ni bisa moto unguwar da ta sauka, na zauna bakin katifarta, na buɗe ƙirjina na nuna mata nawa, muka yi kukanmu. Na ce saura 6, in kin tafi yanzu 19 ɗin da kika sha wa kika bar wa? Da safe tare muka je, suka duba fatar suka sa mata magani, ta ƙarasa. Har yanzu kowace Juma'a sai ta kira ni.

Cikin mu 5 ɗin nan ɗaya ta rasu bara, tun zuwanta ciwon ya riga ya yi nisa. Allah ya jiƙanta da rahama. Mu 4 muna nan, ni ina shan ƙwayata ta kullum, na koma kan tandata.

Don haka gobe in kin zauna, ki juya ga wadda ke kusa da ke ki ce "ke na nawa kike?" Tsohuwar mai dabino ki nuna mata yatsu 9, za ta gane. Ni kuma Litinin in Allah ya kai mu zan zo in zauna da ke. Gaya mini ƙarfe nawa ake kiranki.

Ungozoma mai ritaya:

Ɗiyata, Allah ya ba ki lafiya. Abin da Hajiya ta faɗa a kan yaro daidai ne, ina so in ƙara miki dalili don zuciyarki ta kwanta.

Irin gashin da ake miki daga waje hasken ke zuwa. Injin ne ke auna shi daidai inda aka zana, ya ratsa wurin, ya lalata ƙwayoyin kansar da wataƙila suka saura bayan aiki, waɗanda ido ba ya gani. Babu abin da ake zuba miki a jiki, babu abin da ke zama a jini ko zufa ko yawu. Inda mutane suke rikicewa shi ne akwai wani magani dabam da ake sha don wani ciwon maƙoshi, shi kam ana ce wa mai shi ya nisanci yara da masu ciki na ƴan kwanaki. Naki ba shi ba ne. Ma'aikatan suna fita ɗakin ne saboda su kullum suna wurin, daga safe har yamma, shekara da shekaru, ba don ke kin zama abin gudu ba. Kuma suna kallonki ta na'ura, in kika ɗaga murya suna ji. Ita kansar kanta ba a ɗaukarta, ko ta kofi, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa.

A kan man kaɗe zan ɗan saɓa wa Hajiya. Kada ki shafa komi sai kin kai musu sun gani sun yarda, kuma ko sun yarda, ba a shafawa dab da shiga gashi, ba a kuma sa shi inda fata ta buɗe. Garin magani kam a'a. Rana kada ta bugi wurin. Ki yawaita shan ruwa, ki ci abin da ya samu mai gina jiki, wake, ƙwai, nono, zogale.

Abu biyu da mata ba su cika ji ba sai ya same su. Na ɗaya, ƙunar fata takan ƙaru sati 1 zuwa 2 bayan zaman ƙarshe kafin ta fara warkewa, kada ki koma Tawa ki ga haka ki ce ciwo ne ya dawo. Na biyu, gajiya. Tana taruwa a hankali kuma tana iya bin ki makonni bayan an gama. In kika ga wurin yana fitar da ruwa mai wari, ko zazzaɓi, ko tari da ƙarancin numfashi, ko hannun ya fara kumbura, ki faɗa a ranar, kada ki jira. Hannun nan na hagu da aka cire ƙululun hammatarsa ki riƙa motsa shi kullum, ki tsaya gaban bango ki hau da yatsu sannu sannu, ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna da tsinin allura, tunda sana'arki ke nan. Kuma ku yi magana da maigida, ciki bai kamata ya shiga ba a wannan lokacin.

Kada ki tsallake zama ko ɗaya in ba su suka ce ba. An raba shi kaɗan kaɗan ne don lafiyayyar fata ta samu farfaɗowa tsakanin yau da gobe, in aka yi ta yankewa amfanin yana raguwa. Na yi aiki a zamanin da babu injin nan a ƙasar nan gaba ɗaya. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai mai halin fita waje, na kuma ga mata da yawa da aka yi wa aiki suka koma gida haka nan. Shi ya sa in na ji mace na kan gashi nake matsa mata ta ƙarasa.

Batun faransanci kuma, ki yi hausarki. Ki ce kina da tambaya, za a samu mai jin ki. Ki ja faccalar taki ku je tare ta ji da kunnenta.

Ɗiyar Inna, Madawa:

Yaya, ni ba ni da ciwon, uwata ce ta yi. Na shigo ne in yi magana a madadin faccalarki, don ni ma na yi abin da ta yi, kuma har gobe ina jin kunyarsa.

Lokacin da Innarmu take gashi ina da cikin wata 5. Mata suka taru a kaina, kada ki kwana ɗaki ɗaya da ita, kada ki wanke mata kaya, abin zai taɓa ɗan cikinki. Na ji tsoro. Na bar mata ɗaki na koma rumfa, na ce zafi ne ya kore ni. Uwata da ta haife ni. Ba ta ce mini komi ba, sai wani dare na ji ta tana lalube cikin duhu tana neman buta, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, ta ƙi kiran sunana don kada in matso. Da gari ya waye na bi ta, na tsaya bakin ƙofa har wata ma'aikaciya ta fito, na tambaye ta. Ta kama hannuna ta ce ɗakin injin ne kawai ba zan shiga ba, amma uwata in rungume ta yadda nake so. A cikin taksi na roƙi Inna gafara, ta ce ita ma tsoron take ji, shi ya sa ba ta kira ni ba.

Don haka kada ki jira faccalarki ta gane da kanta, kuma kada ki sa maigidanta ya yi mata faɗa, in aka yi haka za ta bar yaron ya zo wurinki amma gabanta na faɗuwa. Ki ce mata ta raka ki don jiri na ɗibarki, in kun je ki yi tambayar a gabanta.

In kin koma gida kuma ki shirya wa masu zuwa barka. Za su ga kin dawo da ƙafafunki su ɗauka komi ya wuce, a miƙo miki taɓarya da guga. Innarmu ta yi wata 2 tana sallar azahar a zaune saboda gajiya. Ki samu wadda za ta tsaya miki ta ce a'a, tunda ke kunya ba za ta bar ki ki faɗa ba.

Mai Keke daga Tawa:

Ƴan'uwa, ku gafarce ni da na yi shiru kwana biyu, gajiyar da Inna Ungozoma ta faɗa ta fara isowa, ina dawowa sai kwanciya. Yau na yi na 14. Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna. Na karanta amsoshinku ya fi sau 10.

Yaya Hajiya ta cika alkawari. Litinin tun kafin in iso tana kan benci da ƙullin waina mai zafi a cikin kwano. Ba mu taɓa ganin juna ba amma ina shigowa ta ce "ga mai keke nan." Ta zauna tsakiyarmu ta buɗe kwano, ta ce kowa ta sa hannu. Tana jin zabarmanci, sai ga shi ta zama bakina da tsohuwar mai dabino. Ashe daga wajen Tilaberi take, ranar tana kan zama na 17, kuma wai tun ranar farko take ba ni dabino don na yi mata kama da ɗiyarta da ke aure a nesa. Yanzu in na fito daga ɗakin sai ta ɗaga yatsu tana tambaya, in ɗaga nawa. Da ƙofar nan ta rufe yau na yi salatina kamar kullum, amma ina jiyo tarinta daga waje kafin a rufe, na san tana nan zaune sai na fito.

Batun faccalata kuma, na bi shawarar ƙanwata ta Madawa. Laraba na ce mata ta raka ni. Ta yi jim, sannan ta bar yaron wurin maƙwabciya ta ɗauko hijabi. Da ma'aikacin ya fito kiran suna na daure na yi tambayar da hausa a gabanta. Ya ce babu komi, in ɗauki yaro, in ci da kowa, ya maimaita har sau 2 yana kallonta. A hanya ba ta ce uffan ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Kwanon abincina har jiya daban yake. Amma daren Alhamis tana tuƙa tuwo yaron yana ta kuka, sai ta zo ta dire mini shi a cinya ta ce "Yaya, riƙe mini shi," ta juya da sauri. Na riƙe shi a ɓangaren dama, ya cusa kai a wuyana yana warin nono da zufa, har ya yi barci. Zaren yana nan a kofin, ban kwance ba, na bar mata ta kwance da hannunta ranar da zuciyarta ta natsu.

Man kaɗen na kai musu, sun ce in dakata, sun rubuta mini wani. Fatar ta ƙara duhu, ƙarƙashin hammata ya fara zafi in zufa ta taɓa shi.

Ga wani abu kuma. Na lura yawancinmu da aka cire wa nono muna tafiya a karkace, muna tattaro hijabi gaba don kada a gane. Wata tsumma take cusawa, yana goge mata wurin gashin. Jiya na kasa zama haka nan, na yanka tsohuwar atamfata, na ɗinka ƴar riga da hannu, mai faɗi, babu roba babu ƙarfe, na juya ɗinkin ya koma waje don kada ya taɓa fata, na yi mata aljihu ta ciki inda za a sa auduga in wurin ya warke. Na gwada yau, ta zauna daidai. Maƙwabciyarmu ta ce in zo in hau kekenta Asabar, na ƙafa ne, ba zai wahalar da hannun ba. Duk wadda take so ta turo mini awon ƙirjinta da ɓangaren da aka yi wa aiki, ba na karɓar ko dala. Mai tsohuwar atamfa ta auduga wadda ta sha wanki ta ba Yaya Hajiya ta kawo mini, ban da leshi da shadda.

Gwangwanin ma mun fara, mu 6 ne. Sai dai akwai wata ƴar Filinge, doguwa, mai koren hijabi, tana kan zama na 12, yau kwana 2 ba mu gan ta ba, kuma ba mu riga mun karɓi lambarta ba. Ta taɓa ce mini a Lazare ta sauka wurin ƙanin babanta.

Hajiya ta Bukoki:

Ƙanwata, atamfa 3 na ware, zan zo da su. Ƴar Filingen na gane ta, ita ce ta zauna ƙarshen benci ta ƙi cin waina. Ina da ƴar ɗaki a Lazare wadda ta san mutanen Kurfai, wato ƙasar Filinge, na unguwar, yanzu zan kira ta ta bincika mana gidan. In an samu, gobe bayan kin fito sai mu shiga taksi mu je tare. Ki taho da ruwanki.